Bargon Ƙyallaye a Bakin Kanal: Labarin Allura da Zare Cikin Ƙarar Bindiga

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyukan da ke tsakanin Kura da Bunkure cikin watan Janairu ya san sanyin wurin ya sha bamban da na cikin birnin Kano. Ruwan da ake sakowa daga madatsar Tiga, wadda aka gama ginawa a 1974, yakan bi babban kanal ya rarrabu cikin ƙananan magudanai har ya isa gonakin alkama da tumatir da albasa. Iskar hunturu kuwa sai ta bi ta kan ruwan nan, ta ɗebo sanyinsa, ta shigo wa mutum ɗaki ta ƙarƙashin ƙofa. Masu ban ruwan dare da 'yan cin rani da ke kwana a bukkokin gona su ne suka fi kowa sanin abin da nake faɗi. A irin wannan wuri bargo dukiya ne, kuma mai iya ɗinka shi tana da daraja a gari.

Akwai wata dattijuwa a ɗaya daga cikin ƙauyukan nan, ƙanwar mahaifina ce, ba zan faɗi sunanta ko na garinsu ba gama ta hana ni. Shekararta wajen 40 ke nan tana ɗinka bargon ƙyallaye. Ta koya ne tun tana amarya a wurin matar wani mai bishara, ita kuma matar ta koya a hannun matan mishan na SIM. Ba ta taɓa mai da shi sana'a ba. Abincin gidanta daga gonar shinkafa yake fitowa, da ɗan surfe da turarawa da take yi kamar sauran matan yankin. Ɗinkin bargo abin sha'awarta ne kawai, da shi take hutawa bayan aikin yini, kuma duk wanda ta gama kyauta take bayarwa: ga amarya, ga mai jego, ga gwauruwa, ga yaron da zai tafi makarantar kwana.

Ga wanda bai san yadda aikin yake ba, bari in ɗan bayyana. Ana tara ragowar yadin da teloli ke zubarwa, na atamfa da shadda da yadin makaranta, a haɗa da tsofaffin zannuwan da suka mutu a tsakiya amma gefensu yana da sauran ƙarfi. Dole a wanke kowane ƙyalle tukuna, domin wani yana zubar da rini, wani kuma yana tsukewa in ya sha ruwa. Wadda ta yi gaggawa ta tsallake wankin, ranar da aka fara wanke bargon za ta ga ya karkace. Sa'an nan a yanki kwali mai kusurwa huɗu a riƙa ɗora shi kan yadi ana zanawa da alli ana yankawa, a bar ɗan baki na ɗinki. Bargon da zai rufe gado mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4 da rabi, in kowane ƙyalle inci 6 ne, zai ci layi 12 na ƙyallaye tara-tara, wato ƙyalle 108. In an gama haɗa fuskar, sai a shimfiɗa zanen baya a kan tabarma, a baza auduga ko tsohon bargo a tsakiya, a ɗora fuskar a sama, a bi su da manyan ɗinki na riƙo don kada su zame. Daga nan ne ainihin aikin yake farawa, wato bin bargon da ƙananan ɗinki layi bayan layi har rufi ukun su zama abu ɗaya. Haɗa fuska ana iya yi da keke. Wannan na ƙarshe kuwa Gwaggo ba ta yarda da keke a kansa ba, sai hannu.

Wasu sukan ce aikin Turawa ne. To, tsarin kusurwa huɗun dai daga wurinsu ya zo mana, amma cusa auduga tsakanin yadi biyu a bi da ɗinki, wannan kakanninmu sun san shi tun da daɗewa. Shi ne lifidi, rigar yaƙi ta doki da mahayinsa, wadda tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya shigo da ita wajen shekaru 600 da suka wuce. Har wa yau ana ganin 'yan lifida a hawan salla. Kura kuma da ma garin tufafi ne, sunanta ya kai har cikin Sahara saboda turkuɗin da marinanta suke rinawa su buga, Buzaye suna naɗawa. Saboda haka allura da zare ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Abin da kawai zan ƙara shi ne, lifidi an yi shi ne domin kibiya da mashi. Ba ya tare harsashi.

Shekarar da aka hana shiga da jaka

Ranar Jumma'a 20 ga Janairu, 2012, da la'asar, Gwaggo tana zaune a tsakar gida tana haɗa layi na bakwai na wani bargo da za ta ba ɗiyar maƙwabciyarta. Ɗanta na biyu ya shiga Kano tun da safe sayen kaya a Kantin Kwari. Kafin magariba labari ya fara zuwa ta waya da ta bakin direbobin da suka juyo daga hanya, cewa ana ta da bama-bamai ana harbe-harbe a ofisoshin 'yan sanda cikin birni. Hukuma ta sa dokar hana fita dare da rana. Wayar yaron ba ta shiga. Daga baya 'yan sanda suka ce mutum 185 ne suka mutu a harin, wanda Boko Haram ta ce ita ta kai. Yaron ya dawo lafiya bayan kwana biyu, ya ɓuya ne a shagon wani ɗan kasuwa Musulmi da ya rufe ƙofa da su a ciki. Amma cikin kwana biyun nan uwarsa ba ta runtsa ba, bargon kuma yana nan kan tabarma inda ta bar shi, allura a soke, ƙura tana hawa.

Wata uku bayan haka, ranar Lahadi 29 ga Afrilu, 'yan bindiga suka faɗa wa masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, suka kashe aƙalla mutum 16, cikinsu har da farfesoshi biyu. Wannan ya fi na farko shiga jikin masu bi, gama yanzu kowa ya gane ana iya iske mutum a durƙushe cikin addu'a. Ikkilisiyoyi da yawa a Arewa suka kafa dokoki: a riƙa binciken kowa a bakin ƙofa, kada a ajiye mota ko babur kusa da majami'a, mata kuma kada su shiga da jaka. A hanyar Kano zuwa Zariya shingayen sojoji suka yawaita, mai babur sai ya sauka ya tura. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jiha ta hana acaɓa a cikin birni.

Dokar jakar nan ƙarama ce a idon dattawan ikkilisiya, kuma ba na ganin laifinsu, sun yi abin da ya wajaba. Amma ga matan Zumunta na garin su Gwaggo ta zo da wata hasara da ba wanda ya lissafa. Da ma kowace Alhamis bayan addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki sukan zauna a inuwar majami'a, mata bakwai ko takwas, kowace ta buɗe jakarta ta fito da almakashi da zare da ƙyallaye. A nan ake jin wadda mijinta ba shi da lafiya, da wadda ruwa bai kai gonarta ba domin tana ƙarshen magudana, da wadda surukarta ta dame ta. Da aka ce ba jaka, aka kuma ce a riƙa watsewa da zarar an ce amin, sai zaman ya mutu. Kowace ta koma gidanta da damuwarta.

Daren da abin ya zo ƙofar gida

Duk waɗannan labarai ne daga nesa, ko da yake nisan bai wuce tafiyar rabin awa a mota ba. Wanda ya karya ta ya faru ne wani dare bayan girbin shinkafa, lokacin da kowa ya san akwai kuɗi a hannun manoma. 'Yan fashi suka shigo unguwar da ke hayin kanal, tsakaninsu da gidanta bai fi jifa biyu ba. Ba wata maganar addini a ciki, kuɗi suka zo nema gidan wani mai sayen shinkafa. Sun yi ta harbi sama don kada kowa ya fito, sun kuma harbi wani saurayi da ya leƙo, a cinya. Gwaggo ta kwanta a ƙasa ta danne jikokinta biyu, ta ja wani tsohon bargo na ɗinkinta ta rufe su duka har kai. Ta ce mini ta san sarai bargo ba ya tare komai, amma hannunta ne ya jawo shi ba da shawararta ba.

Gari ya waye, aka kai saurayin asibiti ya warke, aka yi ta zuwa jaje, bayan mako biyu maganar ta lafa. A jikinta ne ba ta lafa ba. In yaro ya buga ƙofar kwano sai ta zabura. In injin casar shinkafa ya yi tari, ko salansar babur ta fashe, sai gabanta ya faɗi, gumi ya karyo mata cikin sanyi. Barci ya zama sai gab da asuba. Abin da ya fi ba ta tsoro kuwa shi ne hannunta. Matar da take zura zare a kafar allura ba tabarau, sai ga shi yatsunta suna rawa, ta gwada sau biyar sau shida ta kāsa. Ta tattara kayan ɗinkin ta zuba cikin kwalla ta tura ƙarƙashin gado.

Na je gaishe ta a lokacin. Na ce, "Gwaggo, ina bargon da kika ce na ɗana ne?" Ta dube ni ta ce, "Ɗana, hannun ya ƙi. Kada ka gaya wa kowa, za a ce bangaskiyata ce ta yi rauni."

A nan nake so masu karatu su ɗan tsaya tare da ni, musamman fastoci da dattawa da shugabannin Zumuntar Mata. Wannan mata ba ta taɓa fashin sujada ba, baikonta bai taɓa yankewa ba, ita ce ake tasa da tsakar dare in haihuwa ta zo da gardama. Amma ta ji kunyar faɗin cewa tana jin tsoro, domin sau da yawa abin da muke ji daga bagadi shi ne mai bi na gaske ba ya razana. Ina ganin muna yi wa mutanenmu rashin adalci da irin wannan wa'azi. Likitoci sun san wannan hali, ba sabon abu ba ne a wurinsu: jikin da ya ga mutuwa kusa yakan zauna cikin shirin gudu ko bayan hatsarin ya wuce, zuciya ta riƙa bugawa, barci ya ƙaura, hannu ya yi rawa. Ga yawancin mutane yakan ragu cikin makonni, in sun sami hutu da masu saurarensu. In ya wuce wata guda yana hana mutum aiki da barci, ya kamata a ga likita, akwai masu duba irin wannan a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da kuma asibitin Dawanau, zuwa can kuma ba hauka ba ne. Littafi Mai Tsarki ma bai ɓoye mana irin wannan ba. A Littafin Sarakuna na Fari, sura 19, annabi Iliya da kansa ya gudu jeji don tsoron Yezebel, ya kwanta ƙarƙashin itace yana roƙon mutuwa. Abin da aka fara yi masa shi ne aka bar shi ya yi barci, aka ba shi abinci da ruwa, har sau biyu. Magana sai daga baya ta zo.

Yadda kwallar ta fito daga ƙarƙashin gado ba wani abin al'ajabi ba ne. Maƙwabciyarta ce, Musulma, wadda suka yi shekara 30 suna aron turmi da rariya, ta shigo wata rana da buhun ƙyallaye daga shagon ɗanta tela. Ta zube shi a tsakar gida ta ce, "Yaya, ni ban iya ɗinkin nan naki ba, amma na iya ware ja da kore. Zauna ki nuna mini." Ranar ba su taɓa allura ba, rarraba launi kawai suka yi har la'asar. Kashegari wanki da shanya. Bayan kwana uku yanka, maƙwabciyar tana riƙe kwali Gwaggo tana zanawa. Sa'ad da aka zo ga ɗinki, jikarta ce take zura mata zare a allura biyar a jere ta soke su a jikin matashi, in ɗaya ta ƙare ta ɗauki wata. Layin farko ya fito a karkace, wani ɗinkin dogo wani gajere. Ta so ta warware, maƙwabciyar ta hana ta. Bargon yana gidana yanzu, kuma in ka bi shi da ido daga gefe ɗaya zuwa ɗayan za ka ga inda hannun ya fara natsuwa, wajen layi na biyar.

Ba na cewa ɗinki magani ne, kada wani ya ɗauka haka. Har yau in aka buga abin wasan wuta lokacin Kirsimeti sai ta shiga ɗaki. Abin da na lura da shi dai shi ne, aikin yana ba hankali wurin zama. Mai ƙirga ɗinki tana lura da kusurwa ta haɗu da kusurwa ba ta da sararin maimaita daren nan a zuciyarta, ko da na awa ɗaya ne. Kuma aiki ne da ake yi a zaune kusa da wani, ido yana kan yadi, saboda haka maganar da ba ta faɗuwa in ana kallon juna sai ta fito da kanta. A kan tabarmar nan ne maƙwabciyar ta faɗi cewa ita ma ba ta barci. Da harin Dakasoye ya faru ranar 27 ga Nuwamba, 2015, inda ɗan ƙunar baƙin wake ya shiga cikin 'yan Shi'a masu tattaki zuwa Zariya ya kashe fiye da mutum 20 a nan ƙaramar hukumar Garun Malam, kusa da su ƙwarai, matan Zumunta sun riga sun mai da zaman Alhamis tsakar gidan Gwaggo. Makon nan ba su fasa ba. Sun yi addu'a domin iyalan waɗanda suka mutu, sa'an nan suka buɗe jakunkuna.

Ba a rasa masu suka ba. Wani dattijon ikkilisiya, mutumin kirki ne kuwa, ya ce bai dace ba ana binne mutane mata suna zaune suna zaɓen launi suna dariya. Lokacin azumi ne da makoki. Ita kanta Gwaggo abin ya taɓa damunta, ta ce wani lokaci in ta ga bargo ya yi kyau ta ji daɗi, sai kuma ta ji kamar ta yi laifi. Ni dai ban yarda da dattijon ba. A Ayyukan Manzanni sura 9, da Tabita ta mutu a Yafa, abin da gwauraye suka nuna wa Bitrus suna kuka shi ne tufafin da ta ɗinka musu, a zamanin da ikkilisiya ba ta daɗe da fita daga tsanani ba. Ba a rubuta mana wa'azinta ko ɗaya ba, ɗinkinta aka rubuta.

Ba mu kaɗai muka taɓa bin wannan hanya ba. A ƙasar Chile ta Kudancin Amurka, bayan juyin mulkin soja na 11 ga Satumba, 1973, an kama dubban mutane, wasu ba a sāke ganinsu ba har yau. Matan da aka bari suna yawo daga ofishi zuwa ofishi neman mazajensu da 'ya'yansu suka fara taruwa a ɗakunan Ikkilisiyar Katolika a birnin Santiyago, suna ɗinka ƙyallaye a kan tsofaffin buhuna, suna zana unguwanninsu da motocin sojoji da kujerar da ba kowa a kanta. Wasu da yadin rigar wanda ya ɓata suke yi. Kadinal Raúl Silva Henríquez ya kafa wani ofishin ikkilisiya a 1976 wanda ya riƙa ba su wuri da kayan aiki, yana sayen ɗinkin yana aikawa ƙasashen waje, matan suna samun na abinci, duniya kuma tana ganin abin da gwamnati ke ɓoyewa. Abin lura a nan shi ne ikkilisiyar ba ta ce musu su koma gida su yi haƙuri ba, ɗaki ta buɗe musu. Mu a nan, dokar jaka ta daɗe da sassautawa a wurare da yawa, amma ban ga inda majalisar dattawa ta zauna ta tambayi abin da mata suka rasa a shekarun nan ba, balle ta mayar musu.

Tsoron kuma bai ƙare ba, sauya kama kawai yake yi. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo suna hanyar dawowa gida salla, da yawansu 'yan Torankawa ne a nan Bunkure. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya zo har garin ta'aziyya tare da Gwamna Abba Kabir Yusuf. A kwanakin nan Kiristocin yankin sun kwana da baƙin ciki biyu, na maƙwabtan da aka kashe ba da hakki ba, da na fargabar kada fushi ya juyo kan wanda bai ji ba bai gani ba. A ƙarshen shekarar kuma sai ga labarin 'yan bindiga suna shiga ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, a iyakar Kano da Katsina, suna ɗaukar mutane. Da nisa tsakaninsu da Kura, amma a 2012 ma haka aka ce.

Na koma garin cikin hunturun da ya wuce. Na iske su mata shida a tsakar gida, biyu daga cikinsu ba 'yan ikkilisiya ba ne, rediyo yana gefe a kashe domin Gwaggo ta kafa doka ba a jin labarai sai an naɗe tabarma. Idonta ya yi rauni yanzu, jikar da take zura mata zare ita ce take ɗinkin, ita kuma tana tsara launi tana faɗa in kusurwa ta kauce. Bargon da ke hannunsu na wani yaro ne mai ban ruwan dare da ya zo cin rani daga wajen Katsina, sun ga yana kwana da buhun taki. Sun haɗa layi 9, saura 3, amma shuɗin yadi ya ƙare musu. Da zan tafi ta riƙe mini hannu ta ce, "In za ka rubuta a jaridar nan taku, ka ce teloli su daina ƙona ƙyallaye. Su ba matan Zumunta na garinsu. In kuma ka bi ta Kwari, ka taho mini da zare fari ƙwarya biyu, mai ƙarfin, ba irin na wancan karon ba."